Giyar Motata da Waɗanda Na Zarga

Da safe abin ya fara, a ƙofar gidana a Batsari, ina shirin tafiya aiki Safana. Na tayar da motar, na saka giyar tafiya, na ɗage ƙafa daga birki, ba ta motsa ba. Injin yana ta gurnani, motar tana tsaye kamar ba da ita ake ba. Sai da na ja numfashi uku ko huɗu, sannan wani abu ya buga daga ƙarƙashin kujera, ta zabura har ta kusa take akuyar maƙwabcina. Na ce sanyin safiya ne, na wuce.

Ni malamin gona ne. Aikina shiga ƙauyuka, in duba gero da dawa da gyaɗa, in yi wa manoma bayanin iri da maganin tsutsa. Na daɗe ina wannan yawo a kan babur, har bayana ya fara ciwo. Shi ya sa da yayan matata, wanda yake fataucin hatsi, ya ce zai rabu da motarsa ya sayi a-kori-kura, ban yi dogon tunani ba. Motar tsohuwa ce, ruwan toka, fentin gabanta ya koɗe, amma injinta shiru. Kuma otomatik ce, irin wadda ba ta da kuloci, ita take canza wa kanta giya. Abokan aikina sun ja mani kunne, suka ce irin waɗannan in giyarsu ta mutu ba kowane makanike ne yake taɓa su ba. Na ce ai daga hannun Yaya ta fito, ba daga hannun dillali ba.

Wata huɗu na yi ina jin daɗinta kafin wannan safiyar. Daga nan abin ya riƙa ƙaruwa. In na hau titi sai injin ya yi ta ɗaga murya kafin ta shiga giya ta gaba, in ta shiga kuma da duka take shiga. Na daina kunna rediyo don in riƙa sauraronta.

Akwai wani dattijon makanike a bayan tasha, wanda dama shi yake duba motar tun tana hannun Yaya. Na kai mashi ita. Muka gaisa, ya tambayi iyali da ruwa, na tambayi ƙarfin jikinsa. Ya buɗe bonet injin yana aiki, ya zaro sandar awon man giya, ya shafa a yatsa, ya kai hanci, sannan ya miƙo mani.

"Malam, sansana ka ji."

Ƙauri yake yi kamar ƙanzon tukunya.

Ya ce, "Man nan in yana da lafiya ja ne kamar zoɓo. Dubi naka."

Na duba. Baƙi ne, da kauri.

Na ce, "To, Baba, a juye shi mana a zuba sabo."

"A'a. Kar ka juye shi. Zan ƙara maka kaɗan inda ya ragu. Ka riƙa barin ta ta yi zafi kafin ka tashi. Kar ka ɗora mata buhu, kar ka shiga yashi da ita. Lallaɓa ta za ka yi."

"Har yaushe?"

Ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Har ranar da Allah ya yi."

Na bar garejin zuciyata ba ta kwanta ba. Tun da nake ban taɓa ganin makaniken da aka kawo wa aiki ya ce a bari ba. A hanya na yi ta juya maganar. Ko dai yana jira ne ta mutu gaba ɗaya don babban aiki ya faɗo hannunsa, ko kuma akwai abin da ya sani game da motar wanda ba ya so a buɗe a gani. Na tuna shi da Yaya sun daɗe tare, har ɗaurin auren juna suna zuwa. Na tuna kuma ranar da na karɓi motar, dattijon na tambaya ko tana da lafiya, ya ce mani, "Injinta garau." Injin kawai ya ambata. A lokacin ban lura ba.

Ranar Asabar ina wanke ta a ƙofar gida, na buɗe ƙofar direba don in goge datti, sai na ga wata 'yar takarda manne can ƙasa jikin ƙarfen ƙofar. Ta tsufa, rubutun ƙasar waje ne, amma lambobin a fili suke. Irin takardar nan ce da ake mannawa in an canza mai, a rubuta nisan tafiyar da mota ta yi. Na karanta lambar, na leƙa na karanta wadda take gaban sitiyari. Ta takardar ta fi ta gaban sitiyarin nesa ba kusa ba, kuma an rubuta ta tun motar ba ta shigo ƙasar nan ba. Na zauna a bakin kujera da soso a hannu, ruwa yana ɗiga a wandona. Wani ya mayar da lambar baya. Motar da nake ganin tsohuwa ce, ashe ta fi haka tsufa.

Ban faɗa wa matata ba. Yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu. Amma na fara kallonta wani iri. In ta ce, "Malam, yau motar ta tashi lafiya?" sai in ji kamar tambayar tana da wani abu a ƙarƙashi. In Yaya ya kira ta a waya ta shiga ɗaki, sai in rage tauna abinci in kasa kunne.

Wani abokin aikina ya ce akwai wani makanike a Safana wanda ya koyo aiki a Kano, yana da 'yar na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Na je. Mutum ne mai saurin magana, rigar aikinsa fes. Ya jona na'urar, ya danna, ya girgiza kai. Da ya ga man kuwa, dariya ya yi.

"Wa ya ce ka bar wannan a ciki, Yallaɓai?"

Na ce wani dattijo ne a Batsari.

"Allah ya ba su lafiya, amma su aikin da suka sani na motocin da ne. Wannan ai guba ce. A wanke giyabos ɗin tas, a sa sabon filta, a zuba sabon mai. Za ka ji ta kamar yau aka sauke ta."

Maganarsa ta yi mani daɗi, don ta yi daidai da zargin da nake yi wa dattijon. Amma shi ma ban sakar mashi ba. Na ce ni zan sayo man da kaina. A shagon na ɗaga kowace roba ina duba bakinta ko an taɓa buɗewa an sake liƙewa, har mai shagon ya ce, "Alhaji, in ba ka yarda ba ka aje, ba dole." Na dawo na zauna a kan wata tsohuwar taya, ban je ko sallar azahar ba sai da aka gama, don kar a zuba rabi a ɓoye rabi. Robobin da aka juye ma na kwashe su na saka a but.

Kwana uku tana tafiya kamar ruwa. Na koma kunna rediyo. Har na wuce ta gaban garejin dattijon da gangan, na ɗaga mashi hannu ban tsaya ba.

A rana ta huɗu na je duba wata gona a wajen Babban Duhu, inda aka ce tsutsa ta shiga dawa. Tsakiyar damina ce, gero ya wuce tsayin mutum, hanyar kuma burji ce mai ratsawa tsakanin gonaki. Na gama aiki bayan la'asar, na kamo hanyar dawowa. Ina cikin tafiya sai na ji injin ya ɗaga murya, motar kuma tana rage gudu. Na ƙara taka totur, ƙara kawai. Ta gangara a hankali ta tsaya. Na saka ribas, babu. Na kashe, na jira, na sake tayarwa. Injin lafiya lau, amma ƙafafun ba su san ana yi ba.

Duk wanda ya san yankinmu a 'yan shekarun nan ya san abin da tsayawa a irin wannan wuri yake nufi. Ba gida a kusa, ba kowa a gona, gero ya rufe hagu da dama. Na fito da waya, ba sabis. Na hau kan but ɗin motar na ɗaga wayar sama ina juyawa, ko zan samu sabis ko da sanda ɗaya ce. Ina nan tsaye na ji ƙarar babura.

Uku ne, kowanne da mutum biyu. Ba su ƙaraso ba, suka tsaya daga nesa suka kashe injin. Biyu suna da bindigar toka, sauran sanduna. Na sauko a hankali. Na yi sallama. Sai wani mai furfura a gemu ya matso, ya amsa a taƙaice.

"Mi kake yi nan?"

"Mota ce ta lalace, Baba."

"Ta lalace, ga ta tana ƙara?"

Na manta ban kashe injin ba. Na fara bayani, giya ce ta mutu, inji daban giya daban. Ina magana ina jin yadda maganar take fita kamar ƙarya. Wani daga baya ya ce, "Mun hange shi bisa mota yana nuni da waya." Sai a lokacin na gane. Ni ina tsoron ko su ne mutanen daji, su kuma 'yan sintirin gari ne, sun ɗauka ni ne mai kai wa mutanen daji labari. Baƙuwar mota, a tsakiyar gero, da mutum a kanta yana juya waya ta kowace kusurwa. Ko ni ne haka zan zata.

Mai gemun ya ce in buɗe but. Na buɗe. Ga robobin mai nan guda biyar, wayam. Suka kalli juna. An san masu kai wa mutanen daji fetur, kuma an san yadda ake yi da su.

"Wannan hwa?"

"Man giya ne, Baba. Na canza ne, na riƙe robobin."

"Don mi?"

Ta yaya zan ce na riƙe su ne don ban yarda da makanike ba? Ɗaya ya buɗe roba ya sansana, ya ce ba fetur ba ne. Na ciro katin aiki na miƙa, mai gemun ya juya shi gaba da baya, ya ce kati kowa yana iya bugawa. Ya ce in shiga in ja motar su gani. Na shiga, na saka giya a gabansu, na taka totur har ƙasa. Ta yi ta kururuwa ba ta motsa ba. Suka ce to a tura ta ta tashi. Na ce irin wannan ba a tayar da ita da turi, kuma ai a tashe take. Wannan ma bai yi masu daɗin ji ba.

Abin da ya cece ni wani manomi ne da ya biyo hanyar da shanun huɗarsa, zai koma gida. Ya dube ni ya ce, "A'a, malamin gona ne! Shi ya zo bara ya nuna muna yadda ake zuba magani a kwarkwaron dawa, can tsakiyar ganye." Ya faɗi gonar da muka tsaya da ranar kasuwar da aka yi. Mai gemun ya mayar mani da katina.

"Ka yi haƙuri, Malam. Zamanin ne."

Na ce, "Ni ma na zarge ku, Baba."

"Ai mun gani a idonka."

Da shanun nan biyu aka ja motar har cikin garinsu, ni ina ciki ina riƙe da sitiyari, igiya a ɗaure a gaba, mata suna leƙowa ta saman danga. Aka aje ta gindin wata bedi kusa da masallaci. Suka ba ni fura, ɗaya daga cikin masu bindigar ya kai ni Safana a babur kafin magariba.

Washegari na sa aka jawo ta Batsari. Ban koma wurin na Safana ba. Da kunya na tsaya gaban dattijon. Bai tambaye ni inda na je ba, sandar awon kawai ya zaro, ya ga jan mai, ya ce, "Uhm." Ya shiga ƙarƙashi ya kwance farantin giyabos, ya fito da shi ya nuna mani. Ƙasan farantin cike yake da wani baƙin laka mai ƙyalli, da ɓarɓashin ƙarfe.

"Faya-fayan da ke ciki ne suka cinye, Malam. Tuntuni suka cinye. Garinsu ne ya sa tsohon man ya yi kauri, kaurin nan kuma shi ke ɗan riƙe su suna kamawa. Ka wanke, ka zuba mai santsi, ba abin da za su kama."

"Wato shi wancan ne ya kashe mani ita."

"Bai kashe ta ba. Tana hanyar mutuwa ya same ta, ya dai rage mata kwana. A mota mai ƙuruciya abin da ya yi daidai ne." Ya aje farantin. "Haka na gaya wa yayan naku bara, da ya ce a juye."

Na ce, "Yaya ya sani ke nan?"

"Ya sani mana."

"Kai kuma da na tambaye ka, Baba, ka ce mani garau take."

"Na ce injinta garau. Magana ce tsakanin surukai, na ɗauka kun yi ta a gida. Ba ni zan shiga ba."

Da yamma na tafi gidan Yaya. Na same shi a zaure ana auna gyaɗa. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ina jin kowace kalma tana mani nauyi. Da masu awon suka fita na ce, "Yaya, giyar motar nan ta mutu. An ce kuma ka san da ciwon tun bara."

Ya dube ni da mamaki, ko abin da ya yi kama da mamaki. "Ba a gaya maka ba? Ai na ce wa ƙanwata ta faɗa maka tana jinkirin shiga giya da safe, kar ka taɓa man, in ka ga ba za ka iya ba ka bari in kai ta Katsina in sayar."

Na kawo maganar takardar jikin ƙofa. Ya ce shi bai taɓa ganinta ba, lambar gaban sitiyari ma ba ya dubawa, a hannun wani ya saya a Katsina, shi ma wancan a hannun wani. Ya rantse. Na ce na yarda, muka yi sallama.

A gida na tarar da matata tana tankaɗe. Na tsaya a kanta na maimaita abin da yayanta ya ce. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da buga rariya, sannan ta aje.

"Ya faɗa mani, Malam."

"Me ya hana ki gaya mani?"

"Na san halinka. In na faɗa za ka fasa, ka koma kan babur. Kullum ka dawo sai na gasa maka baya da ruwan zafi. Kuma duk ranar da ka shiga ƙauye a babur ba na iya cin abinci sai ka dawo. Na ɗauka ƙaramin abu ne, jinkiri da safe. Wa ba ya jinkiri da safe?"

Na so in yi faɗa, faɗan bai zo ba. Na ba ta labarin abin da ya faru a hanyar Babban Duhu, wanda da na ɓoye mata. Ta rufe baki da hannu, ta yi ta kuka, garin tuwo a fuskarta. Kwana biyu ba mu yi wata doguwar magana ba.

Har yau ban gama da maganar Yaya a raina ba. Mutum ne da ya saba ciniki. Ya san inda nake, yana da lambata, a masallacin Juma'a ɗaya muke salla. Me ya sa bai faɗa mani da bakinsa ba, ya bi ta wurin wadda ya san tana son a sayi motar? Wata rana in ga kunya ce irin ta surukai, wata rana in ga dabara ce, ya sauke nauyi ba tare da cinikin ya lalace ba. Muna gaisawa, yaranmu suna kwana gidan juna, ban sake tayar da zancen ba.

Bayan kaka muka tafi Katsina da dattijon, muka sayo giyabos na hannu, wanda aka ciro daga wata motar da ta yi hatsari. Mai kayan ya ce bai yi wata tafiya ba. Ba yadda za a yi a sani, ba a buɗewa a gani, sai an ɗaura. Kafin a saka shi a mota na ɗauki ƙusa na yi mashi 'yar alama a gefe, don kar a musanya a hanya. Dattijon ya gan ni, ya kau da kai. Da aka gama ɗaurawa ya kira ni, ya haska mani ƙarƙashin motar da fitila ya ce, "Ga zanenka nan, Malam, duba da kyau." Na ji kunya, amma sai da na duba.

Muka fita gwaji a titin Safana, shi yana tuƙi. Ta shiga ta ɗaya, ta biyu, a ta uku ta ɗan yi tsalle kaɗan.

Na ce, "Ka ji?"

"Na ji. Tana iya kai ka shekara uku a haka, tana iya kai ka wata uku."

Da rani wani mai sayen gyaɗa daga Karare ya zo yana son motar. Na zaunar da shi a kan tabarma na faɗa mashi komai: giyabos na hannu ne, tana tsalle a ta uku, lambar gaban sitiyari ƙarya ce, na ma buɗe ƙofa na nuna mashi takardar. Ya saurare ni har na gama, yana kallona ta gefen ido.

Ya ce, "Malam, duk wannan ka faɗa da kanka. To mene ne wanda ba ka faɗa ba?"

Na ce babu. Ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ce zai yi shawara da ɗan'uwansa ya dawo ranar kasuwa. Bai dawo ba. Motar tana wurina, ina zuwa Safana da ita a kan kwalta. Ƙauye kuwa na sayi matashin soso na ɗaura wa babur, da shi nake shiga.